Tarin fuka ga mai shan maganin sida

Yau daga ƙasar Kance mu ke yi muku magana, cikin jahar Damagaram, kuma maganarmu a kan tari ce. Ba tarin mura ba, wanda kan zo da hunturu ya wuce cikin mako guda. Tarin fuka mu ke nufi, wanda waɗansu ke ce wa babban tari. Za mu duba abin da ya sa ya kan kama mutumin da ke shan maganin sida, da abin da ya kamata a yi in ya kama shi.

Wani zai ce ina ruwana, ni ba ni da sida. Gaskiya ne, cutar ba ta da yawa a ƙasarmu. Binciken da aka yi a Nijar a shekarar 2012 ya nuna kamar mutum 4 cikin 1000 na manya ke ɗauke da ita. Amma mutum huɗun nan ƴan uwanmu ne, tare mu ke cin kasuwa, tare mu ke zama a aji. Tarin fuka kuwa ba ya tambayar kowa ko yana da sida. In ya shiga ɗaki, duk mai numfashi a ɗakin yana cikin haɗari.

Bari in ba ku labarin wani dattijo da na koyar, ya kuwa yarda in faɗa, muddin ban ambaci sunansa ko garinsu ba. Da rani ne. Kullum yana zama can baya, yana tari a hannun rigarsa. Ran nan da aka tashi, sai ya tsaya har kowa ya watse, ya fiddo wata takarda daga aljihu.

Ya ce, "Malam, duba mini wannan. Na iya lambobin, amma ban san abin da su ke faɗi ba."

Na ce, "Baba, wannan takardar likita ce, sirrinka ce. Ka tabbata kana so in gani?"

Ya ce, "Duba, ɗana. Na gaji da ɓoyo."

Takardar awon jini ce. Shekara uku yana shan maganin sida, jikinsa ya yi kyau, har ya koma noma. Daga nan ya tafi bida, maganinsa ya ƙare a can, ya yi wata biyar bai sha ba. Da ya dawo ya ci gaba da sha, amma bai gaya wa kowa ya yi fashi ba. Ga shi yanzu yana tari, yana ramewa. Abin da takardar ke faɗi shi ne maganin ya fara gazawa. Shi kuwa yana zaton sanyi ne ya kama masa ƙirji.

Ƙwayoyi biyu, jiki ɗaya

Tarin fuka wata ƙwayar cuta ke kawo shi, ƴar mitsitsiya, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Wani likitan Jamus, Robert Koch, shi ya fara ganinta, ya sanar da duniya ran 24 ga watan Maris 1882. Shi ya sa kowace shekara a ke tuna cutar ran 24 ga Maris. Ƙwayar tana bin iska. In mai cutar ya yi tari ko atishawa, sai ta fito daga huhunsa, na kusa da shi ya shaƙa. Ba sammu ba ne, ba gado ba ne, ba kuma iska ba ce irin wadda a ke yi wa bori.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ba duk wanda ya shaƙi ƙwayar ke kwantawa ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kamar mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa shaƙarta. Amma jiki yana da sojojinsa cikin jini, su ne garkuwarsa. Su kan kewaye ƙwayar, su tsare ta wuri ɗaya, ta yi barci shekara da shekaru. Cikin mutum 100 masu ɗauke da ita haka, 5 zuwa 10 ne kaɗai za su yi ciwon a tsawon rayuwarsu.

To, ita ƙwayar sida aikinta ke nan kashe waɗannan sojoji. Likitoci suna kiransu CD4, za ku ga haruffan nan a takardar awo. Mai lafiya yana da 500 zuwa 1500 cikin ɗan ɗigon jinin da a ke aunawa. In suka sauka ƙasa da 200, garkuwa ta lalace ƙwarai. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nan ƙadangaren ma yana cikin gida tun da daɗewa, jira ya ke yi masu tsaro su ragu. Saboda haka mai sida ya fi wanda ba shi da ita saurin kamuwa da tarin fuka fiye da sau goma. A duniya duka, babu cutar da ta kai tarin fuka kashe masu sida. A shekarar 2023 tarin fuka ya kashe mutum kamar miliyan ɗaya da dubu 250, cikinsu dubu 161 masu sida ne.

Maganin sida, da yadda ya ke gazawa

A shekarar 1987 aka fara samun mai sida a Nijar. A lokacin babu magani, sai jinya da jiran kwana. Manyanku sun tuna irin sunayen ban tsoro da aka ba cutar. A 2004 aka fara ba da maganin a ƙasarmu, wanda a ke rubutawa ARV, kyauta a ke ba da shi. Yau yawancin manya ƙwaya ɗaya su ke sha a yini, mai haɗe da magani iri uku. Ɗaya daga cikin ukun sunansa dolutegravir, wanda hukumar lafiya ta duniya ta sa gaba tun 2019.

Ku riƙe wannan da kyau: maganin ba ya kashe ƙwayar sida duka. Hana ta haihuwa ya ke yi. In ana sha kullum, sai ƙwayar ta ragu cikin jini har awo ya kasa ganinta, sojojin jiki su sake yawa, mutum ya yi ƙiba, ya yi noma, ya yi aure, mace ta haifi ɗa lafiyayye. Amma ranar da aka daina sha, ƙwayar tana nan ɓoye, sai ta farka ta ci gaba da haihuwa.

Abin da ya fi muni shi ne shan yau, fashin gobe. In magani ya yi ƙaranci cikin jini, bai isa ya danne ƙwayar ba, sai masu taurin kai cikinsu su tsira, su hayayyafa. Manoma sun san irin wannan. In ka fesa wa wake maganin ƙwari wanda aka cika wa ruwa, raunana ne ke mutuwa, masu ƙarfi su saura, baɗi kuwa maganin nan ba zai yi musu kome ba. Haka ƙwayar sida ke sabawa da magani. Daga nan ko mutum ya koma sha kullum, mai yiwuwa maganin farko ba zai ƙara yi masa aiki ba. Wannan shi ne gazawar magani.

Me ke sa mutum ya yi fashi? A ƙasar Kance ba sai an yi nisa wajen nema ba. Na farko tafiya. Da an gama girbi, samari da magidanta sun bi hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano, waɗansu Agadas, waɗansu Libiya. Mata da yara su kan nufi Aljeriya. Ba mu manta da watan Oktoba 2013 ba, da mutum 92 suka mutu da ƙishirwa cikin hamada a kan hanyar nan, yawancinsu mata da yara ƴan yankinmu. Wanda ya yi irin wannan tafiya da maganin wata guda a aljihu, ina zai sami na wata na biyu?

Sai kunya. Mace tana ɓoye kwalba cikin tukunya don kada kishiya ta gani, in mutane na ɗaki ba ta iya ɗaukowa. Namiji yana ƙin zuwa likitar garinsu don kada a gan shi a layi. Sai yunwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, mutum ya ce ba zai sha magani da ciki wofi ba. Akwai wanda ya ji sauƙi ya ce ya warke. Akwai wanda wani mai magani ya karɓe masa akuya, ya ce ya wanke masa jini. Ni ban raina maganin gargajiya ba, da shi aka rene mu, amma babu saiwa ko rubutu da ya taɓa fid da ƙwayar sida daga jini. Wani lokaci kuma laifin ba na majinyaci ba ne: ya biya kuɗin mota ya je, aka ce magani ya yanke, ya dawo wani mako. Wannan ma yana faruwa, kada mu ɗora wa marar lafiya kome da kome.

Mugun abu game da gazawar magani shi ne ba ta da zafi. Mutum yana iya yin watanni ƙwayar tana ƙaruwa, sojoji suna raguwa, shi kuwa yana jin garau. Sau da yawa tarin fuka ne ke fara tona asirin.

Alamomi huɗu

Ga kowa da kowa, a kan ce tarin da ya wuce mako biyu a kai shi likita. Mai shan maganin sida kuwa ba ya jiran mako biyu. Alamomi huɗu ne likita zai tambaye shi duk ranar da ya je karɓar magani: tari, ko na kwana nawa ne, masassara, ramewa, da gumi cikin dare, irin wanda ke jiƙa riga ko da sanyi a ke. Ko ɗaya daga cikinsu ya isa a yi awo. Kada ku jira sai an ga jini cikin kaki.

Ku sani kuma, ga wanda garkuwarsa ta faɗi, ciwon ba ya tsayawa a huhu kaɗai. Ya kan fito da kaluluwa a wuya. Ya kan tara ruwa a ƙirji ko a ciki. Ya kan kama ƙashin baya. Ya kan hau kai, ya kawo ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya da ruɗewa. Wannan na ƙarshe ba ya jiran gobe, a nemi mota ko amalanke a kai shi nan take.

Awo biyu, ba ɗaya ba

In kun manta da sauran, kada ku manta da wannan. Mai shan maganin sida da ya kamu da tari yana bukatar awo iri biyu. Ɗaya na neman tarin fuka, ɗaya na duba ko maganin sida yana aiki.

Na farko awon kaki ne. Ba miyau ba, kakin da ya fito daga can cikin ƙirji. Da can madubi kaɗai a ke sa shi. Amma kakin mai sida sau da yawa ƙwayoyin da ke ciki kaɗan ne, madubi ya duba bai ga kome ba, alhali ciwon yana nan. Tun ƙarshen 2010 hukumar lafiya ta duniya ta amince da wata na'ura mai suna GeneXpert. Ita tana gano ƙwayar ko da kaɗan ce, cikin awa biyu, har ta faɗi ko ƙwayar tana jin babban maganin tarin ko ba ta ji. Akwai kuma hoton ƙirji, da wani awon fitsari da a ke yi wa masu sida da ciwo ya kayar. Saboda haka in an ce ba a ga kome ba, amma tari bai tsaya ba, a koma. Ba rashin kunya ba ne ka ce wa majo, "Ranka ya daɗe, har yanzu ina tari, ko akwai wani awon?"

Na biyu awon yawan ƙwayar sida cikin jini. Da faransanci ana ce masa charge virale, a takarda sau da yawa haruffa biyu za ku gani, CV. Ƙa'ida ita ce a yi shi bayan wata 6 da fara magani, a sake a wata na 12, daga nan sau ɗaya kowace shekara. In babu na'urar a likitar da ke kusa da ku, a kan ɗebi jinin a aika inda ta ke. Lambar da za ku riƙe ita ce 1000, ɗaya da sifiri uku. In awo ya wuce 1000, akwai matsala. Ba nan take a ke canza magani ba. Likita zai zauna da mutum, su bincika inda a ke yin fashi, su gyara. Bayan wata uku a sake awo. In lambar ta sauka, to fashi ne, magani yana da sauran ƙarfi. In har yanzu tana sama da 1000, maganin ya gaza, sai a koma wani iri, wanda a ke ce wa layi na biyu.

Ga inda gaskiya ke da amfani. Dattijon nan da na ba ku labari, wata biyar ɗin da ya ɓoye su ne likita ya fi bukatar sani. Likita ba alƙali ba ne. In ka ce masa kullum kana sha alhali ba haka ba ne, ka sa shi neman ɓarawo a gidan da ba ya nan.

Wani abu kuma, don kada a tsorata a banza. In tarin fuka ya bayyana cikin watannin farko na fara shan maganin sida, ba lalle magani ne ya gaza ba. Sau da yawa ciwon yana nan tun da, sojojin jiki ne suka farfaɗo suka fara yaƙi da shi, shi ya sa ya fito fili. A gaya wa likita, amma kada a aje magani.

Shan magani biyu tare

Tarin fuka yana warkewa sarai, har ga mai sida. Maganinsa kyauta ne a ƙasarmu. Wata shida a ke sha: wata biyu na farko magani iri huɗu, wata huɗu na baya iri biyu. Bayan ƴan makonni tari zai lafa, abinci ya fara shiga. Nan ne mutane ke yaudarar kansu su daina. Wanda ya daina a wata na uku bai warke ba, kuma ƙwayar tarin ma tana sabawa da magani, kamar ta sida. In ta saba, jinya ta yi tsawo, ta yi wuya. Tun 2008 Nijar ke jinyar irin wannan tari mai taurin kai, da taimakon ƙungiyar Damien ta ƙasar Beljiyam, an kuwa warkar da mutane da yawa. Amma wanda ya ga wahalarsa ba zai so maƙiyinsa ya shiga ba.

Mai shan maganin sida ba ya aje shi don ya fara na tari. Tare a ke shansu. Sai dai akwai wani abu da ya wajaba ku sani. Ɗaya daga cikin magungunan tari, mai suna rifampisin, yana sa hanta ta yi saurin fid da waɗansu magunguna daga jiki. Yana rage ƙarfin dolutegravir. Don haka likita kan ƙara wa mutum wata ƴar ƙwaya ta dolutegravir, in ya sha babbar da dare, ya sha ƙaramar da safe, awa 12 tsakani. Waɗansu magungunan layi na biyu ma ba sa tafiya da rifampisin sam, sai an canza. Kun ga haɗarin da ke cikin karɓar maganin sida a Damagaram, a karɓi na tari a Matameye, a ɓoye wa kowane likita labarin ɗayan. Mutum yana sha kullum ba fashi, amma magani ɗaya yana cinye ɗayan, ya jawo wa kansa gazawar da ya ke gudu. A nuna wa kowane likita karne biyun.

Rifampisin yana mai da fitsari ja kamar ruwan goro. Wannan ba kome ba ne. Yana kuma rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, mata su tambayi ungozomar likita abin da za su yi. Abin da ba a wasa da shi: ido ya yi rawaya kamar mai shawara, amai ba tsayawa, ƙuraje su feso a jiki, ko gani ya fara dushewa. In an ga ɗaya, a koma likita ran nan. Akwai wata ƙwaya kuma, kotirimokzazol, da a ke haɗa wa mai cututtukan nan biyu don ta tare masa waɗansu ciwace-ciwace. Giya da taba kuwa a bar su.

Wanda aka auna aka ga ba shi da tarin fuka, akwai maganin rigakafi da a ke ba masu sida na ƴan watanni, don ya kashe ƙwayar da ke barci tun ba ta farka ba. A tambaya.

Mutanen gida

Ku da ke jinya, ga naku. Sida ba ta bin tari, ba ta bin ƙwarya ko moɗa. Tarin fuka ma ba a cikin akushi ya ke ba, a iska ya ke. Ware wa majinyaci kwano da cokali ba ya tare kome, ɓacin rai kawai ya ke ƙara masa. Abin da ke tarewa shi ne a buɗe taga da ƙofa, iska ta ratsa, rana ta shiga, don hasken rana yana kashe ƙwayar. Da rana ya zauna waje ƙarƙashin inuwa. In zai yi tari ya rufe baki da ƙyalle. Kada ya kwana ɗaki ɗaya da ƙananan yara a makonnin farko. In ya yi kamar mako biyu yana shan maganin da ya dace, haɗarin ya ragu ƙwarai. A kai duk mai tari a gidan awo. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 a kai su ko ba sa tari, akwai rigakafin da a ke ba su. Allurar BCG da a ke yi wa jariri a hannu tana kare shi daga mugun nau'in ciwon, amma ba ta hana babba kamuwa.

A ba shi abinci gwargwadon hali: fura da nono, wake, gujiya, zogale, ƙwai in akwai. In babu, a sha maganin duk da haka, a kuma gaya wa likita halin da a ke ciki.

Mai niyyar tafiya bida ya je likita tun kafin ya ɗaura kaya. Wanda awonsa ya yi kyau ana iya ba shi maganin wata uku ko fiye, a rubuta masa takardar da zai nuna a inda ya sauka. Mai shan maganin tari kuwa, shawarata ya haƙura sai ya cika wata shidansa. Kano ba za ta gudu ba.

Dattijon nan ya koma likita ya faɗi gaskiya. An sami tarin fuka a kakinsa, ya sha maganin wata shida, ya warke. Awon jininsa na biyu bai sauka ba, sai aka canza masa maganin sida. Bana ya noma gonarsa da kansa. Yanzu shi ke karanta ranar randebunsa a karne, ba ya ba kowa.

Malaman aji, in kun gama karanta wannan tare da ɗalibai, ku rubuta lambobin nan a allo: 6, 200, 1000. Kowa ya kwafe su a littafinsa, ya faɗi abin da kowace ke nufi. Sannan ku zana karne a allo, ku sa rana da wata da shekara, a koyi karanta ranar komawa likita. Wanda ke da tambayar da ba ya so ya yi gaban jama'a, ya rubuta ta a ƴar takarda ba suna, ya ba malaminsa ya aiko mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.